Malam, Yi Nauyi!

Shekaranjiya abin ya faru, amma har yanzu in na karkata kai, yashin Kebbe ne ke zubowa daga kunnena na hagu.

A Tambuwal abu biyu aka san ni da su: koyar da lissafi a firamare, da sharhin resilin a teburin mai shayi. Na biyun ya fi ba ni suna. Raw da SmackDown ba sa wuce ni, ko a gidan kallo ko a waya, kuma duk mako sai na gano inda masu tsara labarin suka kwafsa. Tun 2014 nake riƙe da su a rai, ranar da suka sa Brock Lesnar ya kayar da Undertaker, mutumin da ya yi nasara sau 21 a jere a WrestleMania. Roman Reigns suka bar masa bel kwana 1,316, sai ka ce sarautar gado. John Cena kuwa, wanda ya yi shekaru yana gaya wa yara kada su taɓa sarewa, a wasansa na ƙarshe cikin Disamban 2025 aka sa shi ya miƙa wuya ga Gunther. Na sha faɗa cewa da Triple H, babban mai tsara labarin nasu, zai ba ni biro da takarda na wata ɗaya, da ya ga aiki.

To, wannan bakin na ɗauka na tafi da shi Kebbe, ɗaurin auren wani abokina.

Bayan la'asar aka buɗe filin kokawa, abin ka da an gama girbi, kowa ya ƙoshi. Ganga na tashi, samari sun sha layu da guraye. Na tsaya cikin farar shaddata, hannu a baya, ina yi wa abokan ango bayani. Na ce ku dubi wancan da makaɗi ya fi wasawa, shi aka shirya zai ci. Ya kuwa ci. Kaina ya ƙara girma. Na ce ai duk kokawar duniya rubutacciya ce, ko gasar takobi ta Nijar da ake yi tun 1975, kuna jin banza ta sa Issaka Issaka na Doso ya yi ta ɗaukar takobin? Ashe kawun ango yana bayana.

"Malam, tunda rubutu na, kai ko malami, shiga ka rubuta muna ɗaya."

Ban san lokacin da aka cire mini hula da babbar riga ba. Sai ganina na yi a tsakiyar fili daga ni sai singileti da wandon shadda, an kuma fito mini da wani yaro wanda, wallahi, na koyar da waɗanda suka fi shi tsawo. Don in karya masa zuciya na kaɗa tafin hannu a gaban fuskata irin na Cena, wai ba ya ganina. Yana ganina sarai. Ya sunkuya, na ji hannu a bayan cinyata, sai kawai ƙasa ta tafi ta bar ni.

Mutanen da suka kalla sun ce ɗagawar ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba. Ƙarya suke. Ni da ke sama na san na daɗe. Na ga rufin kwanon masallaci. Na ga wata akuya a kan tarin karan dawa tana tauna, ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da abin da ya fi mata amfani. Na ga takalmina ɗaya ya yi gabas shi kaɗai. A nan ne, ina tsakanin sama da ƙasa, muryar wani tsoho mai sayar da rake ta keto ƙarar ganga:

"Malam, yi nauyi! Yi nauyi mana!"

Jama'a, yaya ake yin nauyi? Digiri ne da ni, na koyar da kilo da giram shekara da shekaru, amma ba a taɓa nuna mini inda mutum ke murɗawa a jikinsa ya ƙara nauyi ba. Abin takaicin shi ne na gwada. Na riƙe numfashi, na kumbura kumatu, na tuna tuwon da na ci da rana. Tsohon yana ta ƙara murya, har da nuna ni da sandar rake, "Ba haka ba! Ta ƙasa za ka yi shi!"

Tim.

Da a nan abin ya tsaya, da na kakkaɓe jiki na ce zamewa na yi. Amma shekarun da na yi ina kallon resilin suka tsaya mini a kai. Bayana na taɓa ƙasa, sai na lafe ina jiran alƙalin wasa ya durƙusa ya fara ƙirga, don in ɗaga kafaɗa a kan biyu, fili ya ruɗe. Na manta a kokawarmu ba a ƙirga komai, ka taɓa ƙasa an gama. Yaron ma tuni ya tafi, an ɗaga shi sama ana manna masa kuɗi a goshi. Ni kuwa ina kwance, ido rufe, ina ƙirga wa kaina a zuci. Ɗaya. Biyu. Na wancakalar da kafaɗar dama sama da ƙarfin tsiya, ƙafafu suka bi, har da ɗan gurnani.

Ganga ta tsaya. Babu kowa a kaina, babu wanda ya danne ni, mutum ne kawai kwance shi kaɗai a yashi ya zabura. Wata mata ta yi salati ta ce iskokai ne. Wani ya ce a'a farfaɗiya ce, a kawo cokali. Kafin in buɗe baki an sheƙa mini ruwan buta a fuska, wani dattijo ya dafe mini goshi yana tofi, ango da malum-malum ɗinsa yana yi mini fifita da hulata. Na ce lafiyata ƙalau, ƙirga nake jira. Dattijon ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji ko? Su ne ke magana." Ya ƙara tofi.

Da aka samu aka jingina ni da bishiyar dogon yaro, sai ga tsohon nan ya taho, ya yanko gaɓar rake ɗaya ya miƙo mini, fuskarsa cike da ɓacin rai irin na wanda aka yi wa asarar shawara.

"Na hwaɗa maka ka yi nauyi, kaƙ ƙiya."

Na ce, "Baba, don Allah yaya ake yi?"

Ya ce shi bai taɓa kokawa ba. Raken kuma naira ɗari ne.