Fulawar Yaya da Hunturun Kano

Yayana ya dawo daga Abuja da wata fulawa a kujerar baya, har bel ya ɗaura mata. Kuroton ake ce mata, ganyenta ja da ɗorawa da kore, kai ka ce atamfa aka shanya. Mai lambun bakin titi ya rantse masa ba ta da wahalar reno.

Bai dai gaya masa cewa 'yar Indonesiya da Maleshiya da tsibiran Tekun Fasifik ba ce, inda iska ke da laima duk shekara, har takan kai tsayin mita 3. Yaya kuwa Kano ya kawo ta, a watan Disamba, lokacin da ko leɓen mutum tsagewa yake yi.

Ya kai ta lungun falo, bayan labule, wai kada ƙura ta taɓa ta. Ita kuwa kuroton ta tsani sauyin wuri da busasshiyar iska, launin nan nata ma haske ne ke fito da shi. Sabbin ganye suka fito kore shar, tsofaffin suka shiga zuba. Yaya ya ce ƙishirwa ce, ya dinga ɗura mata ruwa safe da yamma har tukunyar ta fara tsami. Anti, matar Yaya, na shara tana cewa, "Alhaji, amaryar taka fa ta sake zubar da kaya."

Nan aka aiko a kira ni, wai ni ɗan boko. Na juya ganye ɗaya, sai ga 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo da siririyar yanarsu, irin waɗanda bushewar iska ke yi wa daɗi. Na ce, "Yaya, a goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, a matsar da ita bakin taga, kada a ba ta ruwa sai saman ƙasar ya bushe."

Ya ce ya ji, amma sai ya fara yi mata aski. Ranar Juma'a ce, yana sanye da farar shadda. Kuroton 'yar uwar rogo da zurma ce, ruwan jikinta na sa ƙaiƙayi, yana kuma kama tufa. Haka Yaya ya saurari huɗuba yana susar hannu, na kusa da shi na matsawa gefe.

Fulawar ta farfaɗo da damina ta faɗi. Shaddar ce mai wanki ya dawo da ita, ya ce tabon ya fi ƙarfinsa, amma kuɗinsa na nan.