Tseren Ni da Duna

Saboda ɓarayin kaji na kawo Duna gidan. Kare ne baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji, haushinsa kaɗai ya isa ya sa mai haura katanga ya tuna da Allah. Aibinsa ɗaya: cin kashi. Nasa, na awaki, na kaji, uwa uba na autanmu idan aka manta da fo a tsakar gida. A zuba masa ƙanzo da romo, sai ya shinshina ya wuce abinsa.

Uwargida ta ce, "Malam, ko ka gyara karen nan, ko ka san inda za ka kai shi." Ni kuwa ina ji da bokona, na ce aikin kwana kaɗan ne.

Wani maƙwabci ya ce in barbaɗa barkono a kan kashin, da ya ɗanɗana zai tuba. Haka na tsuguna da sassafe, da hulata da komai, ina yi wa kashin akuya yaji. Iska ta juyo da shi fuskata, na yi ta atishawa, hawaye shaɓe-shaɓe. Duna ya zauna gefe har na kammala, sannan ya taso ya lashe tas, kamar mai sayen tsire da aka yi wa gyara. A intanet kuma na ga Turawa na cewa a ba kare abarba, wai tana ɓata ɗanɗanon abin idan ya fito. Ashe har ɗanɗano gare shi da za a ɓata! Abarbar da 'ya'yana ba sa gani sai da azumi, Duna ya cinye ta, washegari ya bi sawunta.

Likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsa. Ya ce yunwa da tsutsar ciki kan jawo haka, amma galibi gado ne, don karya ma takan lashe kashin 'ya'yanta ta tsabtace makwanci. Ya kawo mini binciken da Benjamin Hart na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya fitar a 2018: karnuka 16 cikin 100 sun mayar da abin ɗabi'a, sun fi son sabo wanda bai wuce kwana biyu ba, magungunan kanti kuwa nasararsu ba ta haura 2 cikin 100 ba.

Na ce, "To likita, mene ne mafita?"

Ya ce, "Ka riga shi, Malam. Ka kwashe kafin ya iso."

Yanzu da na dawo daga sallar asuba sai in ɗauki shebur. Akuya na ɗaga wutsiya, ni da Duna mu zabura tare, shi da ƙafa huɗu, ni da silifa da ciwon gwiwa. Shekaranjiya Alhajin da ke jikin gidanmu ya leƙo ya same ni ina haki, shebur a kafaɗa. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. In ka gama nan, garkena ma yana buƙata, nawa kake karɓa?"

Kafin in buɗe baki, Duna ya shige gidan Alhaji.