Namiji da Zancen Kunu? E, Ku Matso

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Ƙato da gemunsa, duk matsalolin ƙasar nan bai ga abin rubutu ba sai kunun jariri? Haka 'yan majalisarmu suka ce ranar da na soma zancen, har wani ya tambaye ni ko a sayo mini zani. Ba komai. Ku yi dariyarku ku ƙoshi, sannan ku matso. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa a cikinku ma, na gan shi ran Juma'a da tabon koko a kafaɗar babbar rigarsa, yana ta gaisawa da mutane bai sani ba.

'Yata Ummi ce ta jefa ni cikin wannan harka. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Hajiya ba ta kiranta sai takwara, kuma a ganinta duk wani hukunci a kan yarinyar ita ke da hurumin yanke shi. Wata shida muka yi muna fama a kan ruwa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce nono zalla, ko ɗigon ruwa kada a ba ta, don kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Hajiya ta ce a zafin watan Afrilu ko kaza ana ajiye mata kasko. Da ƙyar muka sha, kuma har yau ban rantse cewa ba a ɗan ɗiga mata a bayan idonmu ba.

Da wata shida ya cika, yarinya da kanta ta ba da sanarwa. Ta iya zama, wuya ya tsaya, in ina cin tuwo sai ta bi loma da ido tun daga kwano har bakina, kamar kyanwa ta ga mai soya kifi. Rannan ta kai wa ludayin uwarta cafka. Muka ce to, lokaci ya yi. Aka dama kunun gero, aka shimfiɗa tabarma, ni na riƙe waya zan ɗauki hoton tarihi. Cokali na farko ya shiga. Ummi ta tsaya cak, ta dubi uwarta kamar wadda aka ci amanarta, ta yamutsa fuska sai ka ce maɗaci aka ba ta, sannan ta turo kunun waje da harshe, ya gangaro ta haɓa zuwa wuya. Na biyu ta kaɗe shi da hannu, ya sauka a gilashin wayata.

Nan Hajiya ta gyara ɗaurin zani. "Miƙo mini takwarata. Ku 'yan boko ba abin da kuka iya sai ɗaukar hoto." Na san inda aka dosa. Ɗura za a yi. Wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ta: a kwantar da yaro a cinya, a danne hannayensa, a kafa tafin hannu a bakinsa kamar mazurari, a tsiyaya kunu, in ya ƙi haɗiya a toshe hanci. Yaro na neman numfashi, kunu na wucewa. Na ce, "Hajiya, don Allah a yi haƙuri, ban da wannan." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da me aka raine ka?"

To ga tambayar da kowannenku ke riƙe da ita a baki, na ji ku. Mu ma haka aka yi mana, ga mu nan garau. Gaskiya ne, ga ku nan. Sai dai masu ba da wannan shaida waɗanda suka tsallake ne. Ku zauna da kakanninku ku tambaye su nawa suka haifa, nawa suka rayu, za ku ji lissafin da zai sa ku yi shiru. Kowa da kwanansa, wannan ba musu. Amma yaron da aka toshe wa hanci yana kuka, kunu kan iya kuskure hanya ya faɗa huhu, daga nan sai sarƙewa ko ciwon haƙarƙari. Wanda ya tsira kuwa ya koyi darasi guda, cewa abinci faɗa ne, da ya hango kofi sai ya datse baki. Masu nazarin ciyar da yara sun ce sabon ɗanɗano kan ɗauki gwaji takwas ko goma kafin yaro ya karɓe shi. Ku da kanku, ranar da kuka fara cin goro murmushi kuka yi?

Amma ba ɗura ce ta fi damuna ba. Abin da ake ɗurawar ne. A jiƙa gero, a niƙa, a tace, a zubar da dusa, a ɗauki gasara kaɗan a dama ta tsararo yadda za ta bi ta kan bulumboti, a zuba sukari, a ce yaro ya ci abinci. Ruwa ya sha, malam, ruwa mai launi. Cikin ɗan wata shida zuwa takwas bai fi ƙaramin kofin shayi ba, abin da zai ɗauka a zama ɗaya bai wuce mililita 200 ba. In ka cika wannan 'yar jaka da ruwa, ina gurbin abin da zai gina jiki? Cikin ya yi tim, uwa ta ji daɗi, awo ya zo ma'auni ya ƙi motsi. Gwajin mai sauƙi ne, ba ya buƙatar digiri: ɗebi kunun a cokali ka karkata shi. In ya zube sharr kamar ruwan famfo, bai yi ba. In ya tsaya yana nazari kafin ya sauko, ya yi.

Kauri kaɗai ma bai isa ba. Sinadarin ƙarfen da jariri ya fito da shi daga ciki, wanda ke haɗa jini, yana soma ƙarewa ne a daidai wata shidan nan, kuma gero shi kaɗai ba zai mayar masa ba. Abin mamakin, duk abin da ake nema yana cikin gidajenmu ko bakin titinmu. Gyaɗa da aka soya aka niƙa lilis, cokalin manja ko man gyaɗa, garin busasshen kifi, garin zogale, wake da aka cire wa ɓawo, kabewa, dankalin Hausa, gwanda, ayaba, 'yar hanta da aka dafa aka murje. Garin nan da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata haɗawa, wanda ake kira Tom Brown, ba wani sihiri ba ne, gero ne ko dawa da waken suya da gyaɗa aka soya aka niƙa tare. Sunan ne kawai na Bature, kayan duk na kasuwar ƙauye ne. A fara da cokali biyu ko uku, sau biyu zuwa uku a yini, in ya kai wata tara a koma sau uku zuwa huɗu, nono kuma yana nan bai tafi ko'ina ba har shekara biyu, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, yadda kuma addini ya riga ta faɗa.

Sai ƙwai. Allah Sarki ƙwai, wanda aka yi wa ƙazafi shekara da shekaru. Wai yaron da aka saba masa da ƙwai ɓarawo zai zama. Wanda ya faɗa mini haka a majalisa, a daren nan na same shi wurin mai shayi an soya masa guda uku da Indomie, yana neman a ƙara albasa. Na ce masa in maganarka gaskiya ce, bari in matsar da wayata. Ku duba manyan da suka yi wa baitulmali ƙarƙaf, ku gaya mini wanne ne aka tabbatar ƙwan wata shida ya lalata shi. Ni dai zargina, wani magidanci ne can a zamanin da ya ƙirƙiro zancen don kada a taɓa masa rabonsa. A dafa ƙwai ya dahu sosai, a murje shi cikin kunu ko fate, shi ke nan.

Kada ku ɗauka abin duk wasa ne. A 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, da ke aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ta shigar da wata kalma ta harshen Ga cikin littattafan likitanci: kwashiyoko. Ma'anarta a wurin masu harshen, cutar da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Ta lura yaran da aka cire daga nono aka bar su da kunun masara zalla su ne ke kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule. Mu nan sai mu ce uwar ta yi kwanika, yaro ya sha ciki. Ba nonon ciki ne ya cuce shi ba, yaye shi aka yi dare ɗaya aka miƙa wa kaka da kofin koko. Kuma in tamowa ta kama yaro aka kai shi asibiti, me ake ba shi? 'Yar ledar nan ta Plumpy'Nut, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, ta yi suna a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Buɗe ta ka gani: gyaɗa ce da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki. Gyaɗar da Kano ta taɓa tara dalarta ita ce ta je ta dawo mana cikin leda da sunan Turawa.

Na ga wasu suna gyaɗa kai suna jin daɗi an taɓa tsofaffi. Ku ma ku matso, ku 'yan gwangwani. Ku ne in baƙi sun zo sai an jera Cerelac a kan firiji yadda kowa zai gani. Ban ce ba shi da amfani ba, mu ma mun saya ranar tafiya. Amma na san gidan da gwangwani ɗaya ke yin wata guda, saboda tsada ta sa ana ɗiban rabin cokali a cika da ruwa. An koma gidan jiya ke nan, kunu tsararo, sai dai wannan na kanti ne. Ƙarshen gwangwanin kuma kowa ya sani, ma'ajiyar allura da zare.

Akwai inda na sha kaye, ba zan ɓoye ba. Na ɗanɗana faten Ummi na ji salam, na ce a jefa ɗan dunƙule da gishiri. Maman Ummi ta ce, "Baban Ummi, bakinka ne ya saba, nata bai san su ba, ƙodarta kuma ba ta yi ƙwari ba." Na ja bakina. Haka na so in ɗan lasa mata zuma, aka hana ni, kuma da hujja. Zuma waraka ce ga ni da kai, amma tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin ɗan ƙasa da shekara ɗaya bai iya murƙushewa, ta saki dafin da ke sa jiki ya saki. Shayin safe da muke ɗan kurɓa musu shi ma yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe. Gyaɗa kuwa sai niƙaƙƙiya, tsaba guda ta isa ta toshe maƙogwaro, kuma a tsince masu funfuna a zubar.

Abin da ba wanda ya gargaɗe ni a kai shi ne ɓarna. Ummi ta ƙi cokali, ta ce da hannu za ta ci kamar kowa a gidan. Ta dumbuza, kashi ɗaya ya tafi baki, ɗaya kunne, ɗaya gira, saura kuma kajin maƙwabta su yi walima. Na taɓa tsintar ayaba a cikin hulata a hanyar masallaci. Zancen abin da ke fitowa a kunzugu kuwa, bari in raga muku, amma ku sani daga ranar da ƙwai da wake suka shiga, zamanin ƙamshin jarirai ya wuce. In kuma zawo ya zo a wannan tsakani, kada a ɗora wa haƙori laifi a zauna. Yaro ne mai rarrafe yana kai komai baki, ga hannun da ba a wanke ba, ga kunun safe da aka ajiye har la'asar. A wanke hannu da sabulu, a dama sabo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, in abin ya ci gaba a kai shi.

Yanzu Ummi na da wata tara. Shekaranjiya na shigo na tarar da Hajiya zaune a tabarma, tana murje gwaiduwar ƙwai cikin faten kabewa da yatsa, takwararta na gabanta baki buɗe, ba danniya ba toshe hanci. Ta ɗago ta ce, "Ka gani ko? Ai da ma na gaya muku yaro lallaɓa shi ake yi." Na ce haka ne, Hajiya, ke kika faɗa.

Ku kuma 'yan majalisa, yau in kun je wurin mai shayi, a soya muku biyu, ku sa na ukun a aljihu ɗanye ku kai gida. A yi hankali wajen zama a kan babur. Kai kuma mai tabon koko, a kafaɗar hagu yake.