Yadda Ake Lallashin Tankin Banɗaki

Maigida, idan tankin banɗakinka ya fara tumbatsa, kada ka yi garaje. Tsaya ka saurari tsiyayar tukuna, don a Mararaban Rido ba kullum ruwa ke zuwa don raɗin kansa ba. Sannan ka tuna janareta ne ya tura shi sama daga burtsatse, da fetur ɗin da ka saya da tsada, kana maƙwabtaka da matatar man Kaduna da aka buɗe tun 1980. Ƙarfin tashi zai zo maka nan take.

Rufe ɗan famfon da ke gefen tankin. In tsatsa ta cinye shi, sai ka hau ka rufe na babban tanki, iyali su koma buta da bokiti. Ɗaga murfin tankin banɗakin a hankali. Na tangaran ne, kuma in ya fashe da wuya a sayar maka da shi shi kaɗai.

A ciki za ka ga ƙwallon roba a kan ɗan sanda. Aikinta ɗaya ne: ruwa ya taso da ita, sandan ya danna 'yar robar da ke toshe bakin ruwan. Kwance ƙwallon ka girgiza. In ka ji ƙulu-ƙulu, ta huje, ta sha ruwan da aka sa ta gadi, sai sabuwa. In lafiyarta ƙalau, lanƙwasa sandan ƙasa kaɗan idan na ƙarfe ne. Na roba ba ya jin lallashi, karyewa yake, sai a juya masa noti.

Yawanci dai yashin burtsatse ne ke maƙalewa a bakin, ko robar ta cinye. Wanke ta. In ta cinye, masu dabara kan yanko wata daga tsohon silifas. Na yaro za ka yanka, ban da na uwargida, ko da ƙafa ɗaya ce ta rage.

Akwai masu ɗaure sandan da robar tayar keke su ce na wucin gadi ne. Haka za a yi Kirsimeti da Sallah biyu da shi.

Idan abin ya gagara, kira mai gyaran famfo. Zai ce maka, "Oga, ga ni nan a Sabon Tasha." Ci abincinka, ka yi barci. Ran da ya iso ya leƙa ya ce, "Wa ya taɓa wannan?" sai ka ce ɗan hayan da ya tashi ne.