Zuwa Ga Bazazzagi Mai Kare: A Duba Bakin Duna

Gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Malam Bazazzagi, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Duna, baƙin karen nan da ka ajiye yana yi maka gadin gona a hanyar Shika. Labari ya iso mana Kano cewa ɓarayin masara sun daina tsoron haushinsa, warin bakinsa ne yanzu yake korarsu. An ce in ya yi hamma a ƙofar bukka, ƙudaje ma canja unguwa suke yi. Ban yi mamaki ba, kare ai halin mai shi yake ɗauka. Amma tunda ɗawainiyarku a wuyanmu take tun kaka da kakanni, ba zan zuba ido ka lalata dabbar Allah da sakaci ba.

Abin dariyar shi ne, ku ne masu cika mana baki da ilimi. Tun 1962 aka dasa muku Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga tsangayar likitancin dabbobi, ga asibitinta na koyarwa, daga ko'ina ana zuwa koyon duba shanu da dawaki da karnuka. Kai kuwa kullum sai ka wuce ta bakin ƙofar a kan babur kana ɗaga wa masu gadi hannu, amma ba ka taɓa ɗaga leɓen karenka ka ga abin da ke ciki ba. To gyara zama. Yau Bakano ɗan kasuwa zai karantar da kai, kuma kyauta, abin da ba mu saba ba.

Mu fara da lissafi, tunda nan ne muka fi ku. Kai haƙoranka 32 ne, in goro ya bar maka su. Babban kare 42 gare shi, 20 a sama, 22 a ƙasa. Kwikwiyo yakan fara da ƙanana guda 28, ya yi famfara, kafin ya cika wata 7 manyan sun gama fitowa. Daga nan an rufe kanti, wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Duna ba shi da adda, ba shi da gora, ba shi da kwari da baka. Jarinsa kaf a bakinsa yake: da shi yake ci, da shi yake ɗauka, da shi yake tsare maka amfanin gona. Mu kuwa a Kantin Kwari mun san sunan wanda ya bar jari ya ruɓe.

Ga yadda ɓarnar take farawa. Duk lokacin da ya ci abinci, wata dauɗa mai yauƙi cike da ƙwayoyin cuta takan kwanta a jikin haƙori. Da farko tana da laushi, goga kaɗan ke fid da ita. In aka bar ta 'yan kwanaki sai ta haɗu da sinadaran cikin miyau ta daskare, ta zama ɓawo mai tauri wanda buroshi ba ya iya kankarewa. Ɓawon nan sai ya riƙa kutsawa ƙarƙashin dasashi, dasashi ya kumbura ya yi ja, ya fara jini, ya janye, har cutar ta kai ga ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Likitocin dabbobi sun ce mafi yawan karnuka suna cika shekara 3 wannan ciwo ya riga ya kama su. Kai kuma sai ƙara wa wutar itace kake yi, kullum jiƙaƙƙen ƙanzo da ragowar tuwon masara, abinci mai laushi mai manne wa haƙori.

Na san za ka ce ai yana cin abincinsa lafiya lau. Haka kare yake, ba ya kai ƙara. Zai ci da ciwo har sai abin ya ci ƙarfinsa. Kai ne za ka lura. In ka ga yana tauna da gefe guda, ko loma tana faɗo masa, ko yana dalalar da miyau, ko yana kai ƙafa yana sosa baki, to magana ta yi nisa. Ka samu lokacin da ya natsu a inuwa, ka ɗaga leɓensa na sama da babban yatsa, ka dubi fiƙarsa daga tushe. Lafiyayyen haƙori fari ne har inda ya shiga dasashi. In ka tarar da ɓawo ruwan ƙasa ya yi wa fiƙar zobe, ga jan layi a gefen dasashi, ka ƙara jan leɓen baya ka dubi manyan haƙoran tauna, nan ne dauɗar ta fi taruwa.

Sai dai kafin ka kai yatsa bakin, amsa mini tambaya ɗaya: yaushe rabon Duna da allurar rigakafin haukan kare? Wannan ba wurin wasa ba ne, ko da tsakanina da kai. Cutar ta miyau take bi, kuma in alamunta suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar yana ɗan wata 3, a riƙa sabuntawa. Ba sai an je Turai ba: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda take nan tun 1924, tana haɗa ta. In kuwa tsautsayi ya sa ya cije ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka nufi asibiti a ranar. Ban yarda ka tsaya shafa toka ba, bawa mai rai nake so.

An kuma gaya mini da aka yi maka gorin warin, sai ka zabura ka ɗauko makilin ɗinka ka matsa masa a baki. Kaico, ilimin Zazzau! Kai in ka goge baki tofarwa kake yi, shi kuwa haɗiyewa yake. Man goge bakin mutane yana da fulorayid mai ɓata masa ciki, wani kuma da zailitol, sinadarin zaƙi wanda guba ne ga kare, yana faɗar masa da sukarin jini, yana iya lalata hanta. Akwai man da aka yi domin karnuka, mai ɗanɗanon kaza ko nama, ana samu wajen masu sayar da magungunan dabbobi. In ka ga kuɗinsa zai sa ka zazzaɓi, ruwa zalla ma ya wadatar, don gugar ita ce aikin.

Haka batun ƙashi. Ka ce kana jefa masa ƙashin balangu don ya wasa haƙora. Dafaffen ƙashi da gasasshe tsagewa suke yi su yi tsini, su soki baki ko hanji, na kaza ya fi kowanne. Ƙaton ƙashin ƙafar saniya kuma tauri gare shi ƙwarai, yakan fasa babban haƙorin tauna na sama, ƙurji ya taru a saiwarsa, ka wayi gari ka ga kumburi a ƙarƙashin ido ka ce maƙwabta ne suka jefe shi. Abin taunar da ya dace shi ne wanda yake ɗan lanƙwasuwa in ka danna.

Aikin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so, shi ya sa nake tausaya maka. Ka sa safar hannu. Kwanakin farko ka riƙa shafa masa kumatu kawai kana ɗaga leɓe, ka saki, ka ba shi ɗan abin da yake so. In ya saba, ka naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, ka jiƙa, ka goga bayan haƙoran a hankali, daidai inda suka haɗu da dasashi. Ba sai ka ɓare masa baki ba, ɓangaren waje ya fi tara dauɗa. Daga baya ka koma buroshi mai laushi irin na yara. Minti 1 ko 2 a kullum ya isa. In ya yi gurnani ka ƙyale shi sai gobe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka in karyar maƙwabcinka ta haihu ka karɓi kwikwiyo, da shi abin zai fi sauƙi. Kuma don Allah ka tabbatar wane ne namiji wace ce mace, na san ku ko a magana ba ku raba su.

Kada ka fake da cewa malami ba ya taɓa kare. Addini ya yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma duk dabbar da ka ɗaure, ci da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Ruwa da sabulu ba su ƙare a Zariya ba, ka wanke hannu bayan ka gama.

Ɓawon da ya riga ya daskare kuwa ba aikinka ba ne. Kada ka ɗauko wuƙa ko ƙusa ka ce za ka kankare. Likita ne zai sa shi barci, ya kankare har ƙarƙashin dasashi, ya cire haƙorin da ya mutu. Saboda haka gobe da safe ka ɗaura wa Duna igiya ka kai shi Samaru, a duba bakin, a yi masa allura. Na ce kyauta, amma Bakano ba ya barin halinsa: kuɗin shawarata ka haɗa da kuɗin shara, zan aiko a karɓa ranar cika-ciki.