Alƙalin da Ba Ya Hukunci Sai An Kai Ƙara

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki, ku mutanen Mafara da Bakura da Maradun: "Mi yah haɗa mu da wanga wasa?" Za ku ce kurket wasan waɗanda suka ƙoshi ne, ƙarti cikin fararen kaya suna shanya kansu a rana kwana biyar, a ƙarshe a tashi babu wanda ya ci. Za ku ce ku dambe kuka sani, inda gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, kalangu ya ɗauka, kowa ya kama gabansa. Na ji. Amma mutanen da musu ya fi musu tuwon shinkafar Bakolori daɗi, ai su ya kamata su fara rungumar wannan wasa.

Tsarinsa ba wuya. Wani yana jefo ƙwallo don ya kayar da turaku uku, wani yana tsaye da sanda yana kare su. In ya make ƙwallon, shi da abokinsa su yi ta musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya. Ƙwallo ya gangara ya taɓa iyakar fili, maki huɗu. Ya tsallake ta ta sama, shida. Dokoki 42 ne ke riƙe da wannan duka, a hannun ƙungiyar MCC ta Landan, wadda aka kafa a 1787, zamanin da Shehu Usmanu yake wa'azi a ƙasarku ta Zamfara. Saboda haka ku daina cewa wasan jiya ne.

Ga dokar da za ta fi burge ku. Ko da alƙali ya gani da idonsa cewa mai sanda ya yi abin fita, ba zai ɗaga yatsa ba sai abokan hamayya sun kai ƙara. Sun yi shiru, shi ma ya yi shiru. Kyaftin kuma yana da damar janye ƙarar in alƙali ya amince.

Alhaji na can yana girgiza kai, to saurara. Ranar 6 ga Nuwamba 2023, a birnin Delhi, ana gasar cin kofin duniya tsakanin Siri Lanka da Bangaladash, Angelo Mathews na Siri Lanka ya shigo fili da sandarsa. Ƙa'idar gasar ta ba shi minti biyu ya shirya. Yana ɗaure hular kwano sai igiyarta ta tsinke, ya yafito a kawo masa wata. Kyaftin ɗin Bangaladash, Shakib Al Hasan, ya matsa wurin alƙali ya kai ƙara cewa lokaci ya wuce. Aka tambaye shi ko zai janye, ya ce faufau. Haka Mathews ya koma ko ƙwallo ɗaya bai gani ba, ya zama na farko da aka kora saboda makara a tarihin wasannin ƙasa da ƙasa. Da juyi ya zo, shi ya jefa ƙwallon da ya fitar da Shakib, ya kuwa raka shi yana nuna masa tsintsiyar hannu, wurin agogo. Da a ce ana amfani da wannan doka a tarurrukanmu, ban ga wanda zai rage a kan tabarma ba.

Yawancin irin waɗannan ƙa'idoji wani mai wayo ne ya jawo su. A 1979 Dennis Lillee na Ostireliya ya fito da sandar alminiyam, domin babu inda aka rubuta cewa sai ta itace. Abokan karawarsu Ingilawa suka ce tana lalata ƙwallo, aka yi cacar baki, ya yi wurgi da ita cikin fushi, daga baya aka rubuta cewa sai itace. A 1981 kuma, a Melbourne, Niyu Zilan na buƙatar maki shida a jifa ta ƙarshe don a yi kunnen doki. Kyaftin ɗin Ostireliya, Greg Chappell, ya umarci ƙanensa Trevor ya mirgino ƙwallon a ƙasa, yadda ba mai iya ɗaga shi sama. Doka ba ta hana ba a lokacin, alƙalai suka zuba ido. Har firaministan Niyu Zilan sai da ya kira abin ragwanci, sannan aka toshe ƙofar.

Amma shari'ar da nake so ku zauna a kanta ita ce ta 14 ga Yuli 2019, wasan ƙarshe na kofin duniya a filin Lord's. Ingila na neman maki tara, jifa uku suka rage. Ben Stokes ya make ƙwallo, ya yi musaya ɗaya, ya juyo don ta biyu. Martin Guptill na Niyu Zilan ya jefo ƙwallon daga nesa, Stokes ya yi sufa da sanda a gaba, ƙwallon ya bugi sandar ba da nufinsa ba, ya gangara har iyaka. Alƙali Kumar Dharmasena, bayan ya shawarci abokin aikinsa, ya ba da shida: biyu na gudu, huɗu na iyaka. Ita kuwa doka cewa ta yi ba a ƙirga gudun da ake cikinsa sai in masu sanda sun gitta juna a daidai lokacin da ƙwallo ya bar hannun mai jifa. Ba su gitta ba. Biyar ke nan, kuma da abokin gudunsa Adil Rashid ne zai fuskanci jifa ta gaba, ba Stokes da hannunsa ya riga ya yi zafi ba. Aka tashi 241 da 241. Aka ƙara zagayen raba gardama, 15 da 15. Sai aka ƙirga wanda ya fi kai ƙwallo iyaka, Ingila 26, Niyu Zilan 17, aka miƙa wa Ingila kofi. Ni a wurina an cuci Niyu Zilan sau biyu a yini ɗaya, kuma hukumar wasan ta duniya da kanta ta soke ƙa'idar ƙirgen nan kafin shekarar ta fita. Malam, kai da kake cewa ba a fafatawa a kurket, ina ka taɓa jin kofin duniya ya rataya a kan wa ya gitta wa?

Batun kwana biyar kuwa, kun ma rage. A Maris 1939, a Durban, Ingila da Afirka ta Kudu suka yi yarjejeniyar ba tashi sai an samu gwani. A kwana na goma, saura maki 42 Ingila ta ci, ruwa ya sauko, jirgin ruwan da zai mayar da su gida kuma ba ya jira. Suka tattara kayansu aka bar maganar a nan.

Saura mai cewa wasan baƙi ne. A Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, an buga shi tun a zamaninsu. A Janairun 2025 kuma, a Maleshiya, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ci 65, Niyu Zilan ta tsaya a 63. Ga fili shimfiɗe daga Mafara har Bakura, ga rani mai tsawo. Masu jifa da masu sanda ne za mu nema, alƙalai kam kowace majalisa tana da goma.