Garin Neman Ƙiba

Tsadar takin zamani ce ta jefa ni a wannan rigima. Ina da 'yan kunyoyi huɗu na tumatir da alayyafo a bayan gida, sai na ji an ce sharar kicin ma taki ce. Ban tsaya jin ƙarshen zancen ba na ɗauki diga na haƙa rami jikin katangar maƙwabcina Alhaji, na kafa doka: daga yau ko ƙwayar shinkafa ba za ta je bola ba.

Uwargida ta ce, "Malam, har da sauran miya?"

Na ce, "Har da ita. Abin da ya gina mutum ai zai gina tumatir."

Da farko lafiya lau: ɓawon doya, ɓawon ayaba, ganyen shayi. Sai ga Babbar Sallah. Ƙasusuwan ragon layya, guntun kitse, ruwan wankin kayan ciki, man suya da ya ƙone, duk na antaya a ramin, na bi da ƙwaryar nonon da ya kwana uku. Na rufe da leda, na koma gefe ina lissafin kwandunan tumatir.

Kwana na huɗu wari ya tashi. Ƙudaje suka fara kawo gaisuwa, kuliyoyin unguwa suka buɗe majalisa a kan katanga. Da dare gafiya ta haƙo rami ta ƙarƙashi, ta ci ƙashi, ta wanke baki da alayyafona. Washegari bayan sallar asuba Alhaji ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ba shisshigi ba, amma ko akuya ce ta mutu muku kuka rasa inda take?"

Na ce taki nake haɗawa. Ya dube ni ya ce, "To Allah ya sa albarka, kafin duba-gari ya iso."

Abin ya ishe ni, na hau babur na ɗauko wani dattijo mai lambu a fadama. Yana ɗaga ledar ya ja baya taku uku, ya toshe hanci da hula.

"Yaro, wannan ai maƙabarta ka buɗe. Nama, ƙashi, kifi, mai, nono, ba sa shiga. Su ke kiran ɓera, mai kuma ya toshe iska. Kashin kare da na kyanwa ma kar ka kuskura, akwai cuta."

Na ce, "To Baba, me ya rage?"

"Duk abin da ya tsiro daga ƙasa, ba a dafa shi da mai ba. Ɓawon kankana, na dankali, ruɓaɓɓen tumatir, da ɓawon ƙwai in ka daka shi. Ɗanye kwano 1, busasshe kwano 2 ko 3: ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye. Ka sa kashin awaki, toka kuma barbaɗe kawai. Ruwa ya zama kamar tsumman da aka matse. Duk mako ka juya. In ka sa hannu ka ji zafi, yana aiki. Wata 3 za ka ji ƙamshin ƙasar ruwan farko."

Sannan ya tambaye ni inda na kai abin da ke cikin tumbin ragon. Na ce wannan ƙazantar ai bola na aika da ita. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe duk cikin ragon, ciyawar nan da ya tauna ce kaɗai ta dace da ramin, kuma ita kaɗai na zubar.

Ni na kwashe ramin da hannuna, yara na leƙe ta taga. Na sake haɗawa yadda Baba ya ce, daga baya sabon takin ya nuna, baƙi wuluk, ba wari. Da na tambayi uwargida me za mu shuka, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shuka rama, Malam. Dama ita ka samo."